Jan da Ke Goshin Indubai

A lungunsu na Kurla, inda in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓo shanyar maƙwabci, babu mai kiran Bhanudas Lokhande da sunansa. Marigayi ake ce masa. In ya fito da safe da jakar begilarsa a hammata, mai shayin bakin lungu zai tambaye shi yaya mutanen can, ana samun sukari kuwa? Matan layin famfo su ce Marigayi ya yi ƙiba, lallai mutuwa ta karɓe shi. Shi kuwa sai ya yi 'yar dariyarsa ta mai giɓi, ya ce ai ya fi kowa hutawa, tun da ba a aiken matacce kasuwa. Ya wuce abinsa.

Ɗansa na cikinsa ne ya kashe shi, kuma da baki.

Mangesh ke nan, wanda matasan Mumbai suka sani da Kolsa, wato gawayi, mawaƙin gambarar zamani. Abin ya samo asali ne tun yana zuwa ƙarƙashin gadar tashar jirgin ƙasa, inda samari ke yin da'ira ranar Lahadi, wani na kiɗa da bakinsa, biyu kuma su tsaya tsakiya suna yi wa juna zambo cikin waƙa. Wata rana aka haɗa shi da wani ɗan unguwarsu da ya san gidansu ciki da bai. Mutumin bai ɓata lokaci ba, ya ɗauko uban: jar kwat mai geza ruwan zinare, hula mai gashin tsuntsu, ɗan badujala mai tafiya gaban dokin ango yana kumbura kumatu. Ya kwaikwayi yadda yake sunkuyawa yana tsintar kuɗin da bugaggun abokan ango ke watsawa a ƙasa. Da'irar ta ɓarke da dariya, har da masu faɗuwa. Mangesh ya buɗe baki, kalma ko ɗaya ta ƙi fita.

Daga ranar ya canja wuri, ya koma wata da'irar a can ɗaya gefen birnin inda ba a san shi ba. Da aka sake taɓo masa uba, sai ya ji bakinsa na cewa ba shi da uba, shi da hannunsa ya cinna wa gawar wuta bisa al'adarsu ta ƙona mamaci, tun yana ƙarami, wando ma bai iya ɗaurewa ba. Wurin ya yi tsit. Shirun nan kuwa ya yi masa daɗi, tir da shi.

Waƙar da ta fito daga nan, Wutar Baba, ita ta ɗaga shi. Ana jin ta a keken haya, a shagon aski, a wayar masu gadi. Ta fitar da shi daga lungu ta kai shi bene a Andheri. Bayan kowane wasa marayu na gaske kan tare shi a ƙofa, ƙatti da gemu, suna kuka suna cewa ya faɗi abin da ke ransu. Yakan rungume su yana kallon bango. Ya kuma san dokar sana'arsa sarai. Ana yafe maka muguwar murya, ana yafe maka ashar, satar kiɗa ma ana kau da kai. Abu ɗaya ne ba a yafewa, ka rera wahalar da ba ka sha ba. Ranar da aka gane, ranar ka gama, kuma waɗanda suka fi kuka su za su fara jifa.

Mutanen lungu sun rufa masa asiri, don ba su taɓa samun wanda ya fito a talabijin ba sai shi. Uban kuwa bai taɓa ce masa uffan ba. Abin da ya fi ci wa Mangesh rai shi ne, mutanenmu ba ruwansu da abin da waƙa ke faɗa in dai kiɗan na motsa ƙugu, don haka aka shiga neman Wutar Baba a gidajen biki. Bhanudas ya zauna ya saurare ta a wayar mai shayi har ya kama ta, ya riƙa busa ta a gaban angwaye. Wai ma ta fi kawo liƙi.

Indubai, uwar, ita ce ba ta dariya. In aka sa waƙar sai ta tashi ta shiga wanke abin da ta riga ta wanke.

To, ana nan sai Jatin, mai kula da harkokinsa, ya zo da albishir. Wani babban kamfani zai yi fim a kan rayuwar Kolsa, kuma in ya fito za a buɗe masa ƙofar wasanni a ƙasashen waje. Suna son lungun, suna son ɗakin, suna son uwar. Mangesh ya kawo uzuri iri-iri, ya ce ba ta da lafiya, ya ce tana jin kunyar kyamara. Jatin ya san gaskiya, shi kaɗai a cikin mutanen aikin, ya bar shi ya gama. Sannan ya ce tsohon ba matsala ba ne, sai ya fita tun da safe. Ya ɗora yatsa a tsakiyar goshinsa.

"Wannan fa, bhai, ɗan'uwana? Ko makaho ya shigo zai ji ƙarar awarwaronta."

Mangesh bai taɓa tunanin haka ba, wallahi bai taɓa ba. Shi uba ya kashe a waƙa, ya manta cewa wanda ya kashe miji ya mayar da mace gwauruwa. Indubai kuwa tun ranar aurenta ba ta taɓa wayar gari ba tare da kunku ba, jan garin nan, babban ɗigo a tsakiyar goshi, da korayen awarwaro na gilashi, da sarƙar aure mai baƙaƙen duwatsu, alamun matar da mijinta ke raye.

Ana gobe za a zo ya je gida da tsakar rana, ya sa hula da baƙin tabarau kamar ɓarawo. Ya same ta zaune a ƙasa gaban risho tana daɓa gurasar dawa, awarwaron na kacau-kacau. Ta ce ya rame. Ta zuba masa miyar garin wake da albasa da ɗanyen barkono, ta zauna tana kallon bakinsa. Ya yi zancen ruwan sama, ya yi zancen gwiwarta, ya yi zancen rufin da ke yoyo. Da zance ya ƙare masa sai ya faɗa mata ta goge kunkun ta cire awarwaron, idonsa a kan faranti, cikin muryar da shi kansa bai gane ba. Na yini ɗaya ne kawai, in ji shi.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta juya gurasar da ke kan kasko, ta danna gefenta da yatsa.

"Ka san ranar da ake goge shi?"

"Na sani, Aayi," in ji shi, wato Inna.

"To faɗa mini."

Ya kasa. Sai ta faɗa masa ita, a hankali, kamar mai koya wa yaro hanyar kanti. Ranar da aka shimfiɗe gawar miji a ƙofar ɗaki aka toshe masa hanci da auduga. Mata su riƙe ki, su buga hannuwanki a dutse har gilashin ya tarwatse, wata tsohuwa ta sa tafin hannu ta share jan. Ta ce ta ga an yi wa uwarta, ita ma da hannunta ta yi wa wata.

Kunya ta rufe Mangesh. Ya so ya ce a bar shi, a fasa fim ɗin. Kafin ya faɗa, sai ga ƙafar uban tana saukowa daga tsanin ɗan benen katako inda yake kwana. Ashe duk yana ji. Ya tsaya da singileti, yana riƙe da jar kwat ɗin da yake goge wa maɓallai, ya ce da matarsa ai gari ne kawai, garin da ake sayarwa a kowane kanti. Yaro ya yi nisa, kada a jawo shi baya saboda ɗigon gari. Ya ƙara da cewa shi ai ya daɗe da mutuwa, bai ji ciwon komai ba. Ya yi dariyar nan tasa, babu wanda ya taya shi.

Indubai ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juyo ga ɗanta.

"Ba da hannuna ba. Ba kuma da na babanka ba, shi sawa ya yi ranar aure. Kai ka kashe shi, kai za ka goge."

Washegari Bhanudas ya fita da wuri, akwai rakiyar ango da hantsi. Bai sha shayi ba, bai kuma kalli fuskarta ba. Ita ta yi wanka ta sa kunku yadda ta saba, da girmansa, sannan ta zauna a bakin gado. Ta shafa sabulu a hannu ta zare awarwaron ɗaya bayan ɗaya, ta ce waɗannan kam ba za a fasa su ba. Ta cire sarƙar ta jefa a gwangwanin shinkafa ta rufe. Ta ɗaga fuska ta rufe ido.

Mangesh ya jiƙa hankici. Ya goga sau ɗaya, jan ya bazu ya ɓata goshin gaba ɗaya kamar an fasa mata kai. Ya sa babban yatsansa ya yi ta murzawa. Da jan ya fita, sai ga wata 'yar da'ira mai haske a wurin, fatar da rana ba ta gani ba tun kafin a haife shi. Bai san fuskar da ke gabansa ba. Wata tsohuwa ce kawai, gajiyayya, cikin farin sari na aro, irin zanen masu takaba.

Da masu fim suka iso, lungun ya yi shiru irin wanda bai taɓa yi ba. Matan famfo sun hango Indubai ta ƙofa, wata ta kama baki, wata ta ja 'yarta ta shige ɗaki. Mai shayi, sarkin tsokana, ya sunkuyar da kai yana ta wanke kofi ɗaya.

Shugabar aikin wata ce Devika, kuma da ta zo da girman kai da Mangesh ya samu abin jin haushi. Ina! Ta cire takalmi a ƙofa, ta sunkuya ta taɓa ƙafafun Indubai, ta ce ita ma tana 'yar makaranta babanta ya rasu, a mota ta fara jin waƙar, sai da ta tsaya gefen titi. Ta duba bango ta tambayi ina hoton marigayi. Jatin, ɗan duniya, ya riga ya shirya, ya zaro sarƙar furanni daga leda. Hoto ɗaya ne na Bhanudas a gidan, yana can saman kwaba. Aka ciro shi aka kaɗe ƙura. Ga shi nan da ƙuruciyarsa, jar kwat, hula mai gashi, begila a ƙirji, giɓin a waje.

Devika ta riƙe hoton da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ashe makaɗi ne, me ya sa bai taɓa faɗa ba? Ai a jini abin yake. Ta ce waɗannan mutanen su ne kiɗan birnin nan na asali, wannan hoton shi za ta fara nunawa a fim ɗin. Kwat ɗin da Mangesh ya kashe mutum saboda ita, ga wata ta zo daga unguwar masu hali tana shafa ta.

Aka kafa ƙusa. Aka ce ya rataya furannin a hankali, kyamara na bin hannunsa. Rayayye ba a rataya wa hotonsa fure, yaron goye ma ya san wannan. Ya rataya. Aka ce haske bai yi ba, ya sake. Ya cire ya sake.

Da aka zaunar da Indubai, Devika ta tambaye ta wane irin mutum ne maigidan. Ta shafa wuyan hannunta inda babu komai.

"Mutum ne da bai iya cewa a'a ba," in ji ta. "Ko abin da ya kamata ya ƙi, ba ya ƙi."

Devika ta ce madalla, haka mutanen kirki suke. Mangesh ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Ana cikin haka sai ga sautin ganga daga babban titi, da begila a samansa. Wutar Baba ce. Ba Bhanudas ke zaɓar hanyar da ango zai bi ba, kuma Mangesh ba ya bukatar a gaya masa bakin wa ke kan begilar nan, ya san inda numfashin ke yankewa. Devika ta miƙe tsaye, ta ce wannan ko da kuɗi ba za a shirya shi ba, a fito da kyamara, Kolsa ya tsaya a bakin lungu. Jatin ya yi ƙoƙarin hanawa, ba wanda ya saurare shi.

Abokan ango na ganin Kolsa suka haukace. Suka jawo shi tsakiya, suka kewaya kansa da takardun kuɗi suka watsar a ƙasa don 'yan badujala. A nan idonsa ya faɗa cikin na ubansa, gumi na bin gefen hular, kumatu a kumbure. Tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. Tsohon ya ga kyamara, ya ga matar da ke bayanta. Bai daina busa ba. Ya sa hannu ɗaya ya jawo hular har kan girarsa, ya ja da baya da sanɗa, ya laɓe bayan mai babbar ganga, ya juya fuskarsa wajen bangon wani kanti. Kuɗin da suka zube a gabansa ma bai tsinta ba.

Kalma ɗaya ce ta rage wa Mangesh. In ya ce Baba, da ƙarfi, a gaban kowa, komai ya ƙare, benen da fim ɗin da ƙasashen waje, uwarsa kuma ta koma ta buɗe gwangwanin shinkafa. Ya buɗe baki. Wani ya cusa masa makirufo a hannu, taron ya ɗauki amshi. Sai ya ji kansa yana rera baitin nan na ƙaramin yaro da itacen wuta a hannu, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba, begilar na raka shi daga bayan ganga. Devika ta ce ba ta taɓa ganin mawaƙi na kuka irin wannan ba.

La'asar ta yi kafin su kwashe wayoyinsu su tafi. Mangesh ya ce da Jatin ya wuce, zai biyo baya. Ya shiga ɗaki da sauri, ya ɗauko ɗan batan kunku daga gaban madubi, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce an gama, sun tafi.

Ta kalli batan, ba ta karɓa ba. Ta tambaye shi yaushe fim ɗin zai fito, su wa kuma za su gani. Ya ce kowa, duk mai waya. Ta gyaɗa kai.

"To daga nan har ƙauyenmu za a san fuskata. In na shiga jirgi da ja a goshi, a ce me? Ko a ce ɗana maƙaryaci ne, ko a ce gwauruwa ta samu namiji. Wanne ka zaɓa mini?"

"Aayi, ni yini ɗaya na ce."

"Kai ka ce. Ni tun jiya na san ba yini ɗaya ba ne."

Ta karɓi batan, ta taka kujera ta ajiye shi can saman kwaba, inda hoton yake a da. Ta sauko ta kunna risho.

Ba a jima ba Bhanudas ya shigo lungun, kwat ɗin a kafaɗa, yana jan ƙafa. Mangesh na jiyo shi daga ɗaki, yana jira ya ji tsokanar da aka saba. Babu wanda ya ce Marigayi. Mai shayi ya gaishe shi da cikakken sunansa, cikin ladabi, yadda ake gai da wanda aka yi wa rasuwa. Tsohon ya tsaya yana jiran wasan, har ya fara buɗe giɓinsa, da bai zo ba ya wuce.

Ya cire takalmi a ƙofa. Ya ga hotonsa da furanni. Ya ga goshin matarsa, ya duba gaban madubi inda batan ke zama, ya sake duban goshin. Ita ba ta ɗago ba, tana daɓa gurasa, hannuwanta ba sa ƙara. Ya rataye kwat ɗin, ya zauna a ƙasa a wurinsa na kullum, wanda ya zamana daidai ƙarƙashin hoton.

"Ba su gan ni ba dai ko?" ya tambayi ɗansa.

"Ba su gan ka ba, Baba."

"To madalla."

Indubai ta ajiye faranti biyu. Mangesh ya je bakin bokiti ya wanke hannu, ya sa sabulu ya sake wankewa, amma jan ya riga ya shige ƙarƙashin farcen babban yatsansa. Uwar ta ce ya zo ya ci tun da zafi. Ya dawo ya zauna kusa da ubansa, ya naɗe yatsan cikin tafin hannu, ya rasa da wanne zai gutsuri gurasar.